Malamina ya soke babin ƙarshe na bincikena, ku ba ni shawara

Ummu Hanif: Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu a fannin harhaɗa magunguna. Ganin yadda ƙiba ta hana mahaifiyata hawa bene, sai ta dafa bango tana haki, shi ya sa na zaɓi binciken neman maganin ƙiba daga tsirrai. Shekara biyu ina kai, har kwamfutata ta mutu na sake daga farko. Na ɗauko sinadaran tsirrai daga PubChem, rumbun bayanan sinadarai a intanet, na gwada su a kwamfuta da AutoDock Vina, manhajar da ke ba da maki gwargwadon ƙarfin kamun sinadari, a kan lipase, sinadarin jiki mai narkar da kitse a hanji. Ɗaya daga cikinsu, quercetin, ya fi maganin ƙiba orlistat maki, sai na rubuta cewa zai iya maye gurbinsa. Malamina ya ja jan biro a babin gaba ɗaya. Saura wata biyu. Yaya zan yi?

Abu Safwan: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, malaminki ya yi gaskiya. Orlistat liƙewa yake yi a wani gurbi na lipase da ake kira serine 152, ya ƙulle shi, Vina kuwa ba ta lissafa irin wannan kamun, don haka makin da ta ba shi ƙasa yake da ƙarfinsa. Kuma quercetin kaɗan ne ke shiga jini, hanta ta sauya shi nan take.

Ummu Hanif: Malam, ai orlistat ɗin ma a cikin hanji yake aiki, ba ya buƙatar shiga jini. Kuma na ga takardu da yawa da suka yi yadda na yi.

Maman Iman: Ke dai ki yi haƙuri. Ni nawa malamin wata bakwai ya riƙe babina bai buɗe ba, har yau abin na cina.

Baffa: Ki ƙara gwajin GROMACS, manhajar da ke kwaikwayon motsin sinadarai, na nanosakan 100, zai sa hannu.

Abu Safwan: Baffa, ƙarin lissafi ba zai zama hujja ba. Ta gwada a kwalba da lipase na gaske. Wani maganin ƙiba, sibutramine, ma har kasuwa ya shiga, aka janye shi a 2010 saboda zuciya, balle abin da bai fita daga kwamfuta ba. Ki rubuta "ya cancanci ƙarin gwaji" kawai.

Ummu Hanif: Ɗakin gwajinmu ba shi da kayan. Kuma in na sassauta maganar, me ya rage na shekara biyun? Baffa, kwana nawa GROMACS ɗin zai ci a ƙaramar kwamfuta?