Gejin auna iskar gwangwani ya rikita ni, a taimaka

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aikin duba inganci a wata ƙaramar masana'antar tumatirin gwangwani nan cikin Katsina, kuma sati biyu ke nan wani abu ya hana ni barci.

Muna zuba markaɗen da zafinsa, wajen digiri 90, mu rufe, in ya huce tururin ya koma ruwa sai murfin ya lotsa ciki. Gejin da nake auna wannan zuƙewar iskar cikin gwangwanin da shi irin mai allura ne da roba a baki. Nakan jiƙa robar, in danna a murfin har allurar ta huda, in karanta.

To ga inda gizo ke saƙa: gwangwanaye daga tukunya ɗaya, da safe su ba ni inci 12 a ma'aunin gejin, bayan azahar inci 7 ko 8. Murfi bai kumbura ba, in na ƙwanƙwasa ƙarar tana fita rau. Na san zafi na rage zuƙewar, ɗakin namu kuwa rufin kwano ne, amma har ya ci inci 4 ko 5? Wani lokacin ma allurar takan fito da tumatir a jikinta, ina zargin muna cikawa har baki, sararin da ke tsakanin tumatirin da murfi ya yi kaɗan.

Oga ya ce robar ce ta tsufa, na canza, ba ta sake zani ba.

Don Allah wanda ya san aikin, a wane zafi kuke aunawa, awa nawa bayan rufewa? Kuma ina ake daidaita geji, ko sai na kai Kano?