Wai irin zamani ne ya kore mana irin gado?

Manomi daga Haɗeja: Jama'a, raina a ɓace yake. Bana shinkafar zamani ta FARO 44 na shuka, ruwa ya kwana goma a kanta, ta ruɓe har saiwa. Maƙwabcina kuwa tsohuwar jar shinkafar nan ya shuka, mai bin ruwa tana ƙara tsawo, ga ta can tsaye. Mun yar da irin gado, daga Kura har Argungu kowa iri guda yake bi. Ranar da cuta ɗaya ta shigo, tare za mu kwanta.

Ɗan Kura: Wane gado kuma, Malam? Jamilar da kuke kira ta gida ma farar shinkafa ce, asalinta Asiya.

Dattijon fadama: Kai yaro, abin da kakana ya adana a rumbu ya bar wa ubana, in ba gado ba mene ne sunansa?

Ɗan Kura: Baba, a yi haƙuri, amma ajiya daban, asali daban.

Ɗalibar aikin gona: Baba, jar kam tamu ce, a bakin kogin Neja can ƙasar Mali aka fara nomanta. Tana jure wahala, sai dai tana kwanciya, ƙwayar kuma na kakkaɓewa kafin yanka. Shi ya sa masanin shinkafa Monty Jones ɗan Saliyo ya haɗa aurenta da ta Asiya aka samu sabon irin da ake kira NERICA, har ya ci kyautar abinci ta duniya a 2004. Da an bari jar ta ɓace, da me za a haɗa? Malam na Haɗeja, nemi FARO 66 ko 67, don jure nutsewa aka fitar da su a 2017.

Ɗan Argungu: Ni dai a cire sunan garinmu. Mutanen Kura 'yan kasuwa ne, mu ne manoma.

Ɗan Kura: Shanshararku wa ke gumawa ya cashe?

Ɗan Argungu: Mai casa ai ɗan aiki ne!

Mai sayar da iri: Malam, ka tabbata FARO 44 aka auna maka? Buhun kasuwa rabinsa gauraye ne.

Manomi daga Haɗeja: Maganar ambaliya fa na kawo.

Shugaban zaure: To, na rufe nan. Abin da na fahimta, kowa ya yarda jar shinkafa ita ce gado, kuma Baba ya fi kowa hujja, ni ma ita nake da ita a rumbu. Ɗan Kura, ka goge maganar casar nan kafin isha'i.