Wace kalma za mu ba wettability da Hausa?

Jama'a, ina neman shawarar malaman Hausa. Ina koyar da kimiyya a Katsina, kuma akwai kalmar da ke ba ni wuya a aji: wettability. Ana nufin yadda ruwa ke kwanciya ya bazu a kan abu, ko kuma ya dunƙule ya gangare kamar yadda yake yi a ganyen gwaza.

Ga inda ta taso. Yawancin roba da leda ba sa karɓar ruwa, shi ya sa tawada da gam ba sa kama su sosai. Masana kan sa robar cikin akwatin ƙarfe da aka zuƙe iskarsa, su harbe ta da ƙwayoyin ayon, wato ƙwayoyin zarra masu cajin lantarki, na iskar agon ko na oksijin. Harbin yana tsinka haɗin da ke tsakanin ƙwayoyin saman robar, oksijin ya samu wurin maƙalewa, sai ruwa ya fara kwanciya. Abin bai wuce 'yar fatar sama ba, cikin robar yana nan yadda yake. Ana auna kwanciyar ruwan da kusurwar da ɗigon ruwa ya yi a kan abin, lissafin da masanin kimiyyar Birtaniya Thomas Young ya kafa tun 1805. Ƙasa da digiri 90, ruwa ya kwanta. Teflon kuwa, robar da ake shafa wa tukunya don kada abinci ya kama, tana kai wajen 110.

Ɗalibaina sun ce "shan ruwa". Ban yarda ba. Bulo ne ke shan ruwa, ya shige cikinsa. Roba ko an harbe ta ba ta shan ruwa haka. "Danshi" da "laima" kuma suna nuna halin da abu ya riga ya shiga ne.

Wani dattijon malamin Hausa daga Daura ya rubuto: "Ɗana, me ya hana ka ce jiƙuwa? Ai muna cewa mota ba ta gyaruwa, tuwo ba ya ciyuwa. Wannan -uwa ɗin ita ke ɗauke da ma'anar yiwuwa."

Allah ya ƙara girma, Malam, wannan ta shige ni. "Leda ba ta jiƙuwa, amma da aka harbe ta da ayon sai ta jiƙu." Ko yaron firamare zai gane.

Damuwata guda: idan an ce gero ya jiƙu, ruwa ya ratsa shi ne har ciki. Don haka nake ganin mu ce jiƙuwar fuska, fuskar abu ke nan, wato samansa. Awon kuma mu kira shi kusurwar ɗigo.

Saura ɗaya, Malam. Robar da aka harba, idan ta kwana biyu a iska, takan fara komawa halinta na ƙin ruwa, domin ƙwayoyin da suka kama oksijin suna juyawa su nutse ciki. Wannan komawar, me za mu ce mata?