Na ja injin baya, wai na lalata mota

Mai Datsun: Jama'a, raina a ɓace yake. Datsun 240Z ce ta 1972, na same ta da injin V8 (mai silinda 8) na Chevrolet a ciki. Wanda ya sa shi ya ɗora shi can gaba, nauyinsa duk a kan tayoyin gaba. Ka shiga kwana ka murɗa sitiyari, hancin motar na neman wucewa miƙe. Na yanke ƙafafun injin, na ja shi baya inci 4, na sauke shi ƙasa kaɗan, na gusa shi ɓangaren fasinja don ya bar wa sandar sitiyari hanya. Distributa a bayan injin take, yanzu tsakaninta da bangon gaban direba yatsa da ƙyar yake shiga. Farfela ma sai da aka rage mata tsawo. Duk wannan wahala na sha na gyara mota, amma wai na lalata ta. Ja baya shi ne daidai, mai musu ya fito.

Tsohon Bakanike: Ɗana, kar ka ƙara cewa gyara. Gyara shi ne ka dawo mata da L24 ɗinta mai silinda 6 a jere, lita 2.4, yadda ta fito daga Japan. Kwaskwarima ka yi wa ɓarnar wani.

Mai Datsun: Baba, ba ni na cire L24 ba.

Tsohon Bakanike: Amma kai ka ƙara kafe baƙon da walda.

Ɗan Ford: Da girmamawa Baba, in haka ne Cobra ma ɓarna ce? A 1962 Carroll Shelby ya ɗauki AC Ace ta Ingila ya cusa mata V8 na Ford, ta zama Cobra. Sunbeam Tiger ma haka aka yi ta a 1964. Matsalar mutumin nan ɗaya ce, Chevrolet. Ƙaramin V8 na Ford distributarsa a gaba take, da bai sha wannan matsin ba.

Uwar Gida: Kai kullum Ford. Ko maganar taya ake yi sai ka kawo Ford.

Ɗan Ford: Hajiya, ƙarya na yi a kan distributar?

Tsohon Bakanike: Shelby da yardar kamfanin AC ya yi. Wannan ƙira ce, ba gyara ba.

Uwar Gida: To Baba, MGB GT V8, motar kamfanin MG na Ingila, fa? Ai wani ne ya fara sa mata injin Rover a garejinsa kafin kamfanin ya fitar da tasa a 1973. Ranar da kamfani ya sa hannu ne ɓarna ta zama ƙira?

Mai Walda: Oga, da ka sauke injin ka auna kusurwar giyabos da ta farfela? In ba su dace ba za ta riƙa karkarwa a guje.

Ɗan Ford: Injin Rover ɗin ma ai asalinsa na Buick ne, ɗan Amurka.

Uwar Gida: Buick kuma ɗan gidan su Chevrolet ne, ba naku ba.

Mai Datsun: Ni fa maganar inci 4 na kawo!

Tsohon Bakanike: Bari in tattara. Kowa ya ga babu wanda ya iya nuna cewa wannan aiki gyara ne. Misalan da aka kawo duk na kamfani ne, masu injiniyoyi da wurin gwaji. Yaron nan yana da hannu, ban hana shi ba, amma ya nemi L24 tun ana samu.

Uwar Gida: Ba kowa ba, Baba. Tambayata tana nan ba ka amsa ba.

Mai Walda: Oga Mai Datsun, kusurwar farfelar nan dai, ka auna?