Ƙaramin madubin hangen taurari mai milimita 70: me ya sa hoto ke dishi-dishi?

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Madubin hangen nesa ne irin mai gilashi a gaba, faɗinsa milimita 70, an rubuta 700mm a jikinsa. Ya zo da gilasan ido uku, 25mm, 10mm da 4mm, da Barlow, wato gilashin ƙarin girma mai ninka uku. In an sa 4mm da Barlow, Mushtari (Jupiter) sai ya zama wani farin tabo mai rawa, kafin a daidaita ya gudu. Laifin madubin ne ko na mai amfani?

Malam_Falaki:
Wa alaikumus salam. Madubin lafiyarsa ƙalau, ka ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa ne. Ga lissafin: raba 700 da lambar gilashin ido. 25mm zai ba ka ninki 28, 10mm ninki 70, 4mm ninki 175. Ka ƙara Barlow, ka kai 525. Iyakar da gilashi ke iya ɗauka kuwa kusan ninki biyu ne ga kowace milimita ta faɗinsa, wato wajen 140 a naka, shi ma sai daren da iska ta natsu. Abin da ya wuce nan girma ne kawai babu ƙarin bayani, haske ya ragu, rawa ta ƙaru.

Ka ajiye 4mm da Barlow a kwali. Fara da 25mm kullum, ka kawo abin tsakiya, ka murza abin daidaitawa a hankali har ya zama ƙarami da kaifi, sannan ka sauya zuwa 10mm. A ninki 70 za ka ga ratsi biyu masu duhu a jikin Mushtari da watanninsa huɗu a jere, waɗanda Galileo ya gani a 1610. Zoben Zuhal (Saturn) ma yana fitowa, ƙarami amma tsaf.

Gudun da Mushtari yake yi kuma juyawar duniya ce, digiri 15 a kowace awa. A ninki 70 yakan ƙetare fili cikin minti biyu zuwa uku, don haka ka ajiye shi a gefen da zai shigo, ka bar shi ya ratsa.

Zara_Matar_Wata:
Ƙari a kan bayanin Malam: ka saita ƙaramin madubin nema da ke jikin babban tun da rana. Nemi kan wani dogon ƙarfe mai nisan kamar rabin kilomita, ka sa shi tsakiyar 25mm, ka ɗaure, sannan ka juya sukurorin ƙaramin har alamarsa ta hau daidai wurin. In ba a yi haka ba, sai a kwana ana lalube. Kuma kada bakin madubin ya kalli rana ko na ƙiftawar ido, makanta ce nan take.

Rawa daga ƙafafun da madubin ke tsaye a kai take zuwa. Kada ka zare su duka, ka rataya abu mai nauyin kilo biyu a tsakiya, ka cire hannu bayan ka daidaita.

Dogon_Dare:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Fitar da madubin waje minti 20 kafin kallo don zafinsa ya yi daidai da na iska, kuma ka guji hange ta saman rufin da ya sha rana. Shuɗi-shuɗin da ke gefen Wata ko Zara ba lalacewa ba ce, halin irin wannan gilashin ne, launuka ba sa haɗuwa a wuri ɗaya.

Wata kuma ka neme shi yana rabi, kan layin da haske ya haɗu da duhu, nan inuwa ke fito da ramuka. Kaza da 'Ya'yanta a 25mm suka fi kyau. In raɓa ta sauka a gilashi, kada ka goge da riga, bar shi a buɗe a ɗaki ya bushe da kansa kafin ka rufe.