Kirsimeti: yaya kuke yi hidimar biki ba ta cinye muku sujada ba?

Maman Tagwaye, Kafanchan
Salama gare ku 'yan'uwa. Abin da ya faru da ni bara ne ya tsaya mini a rai. Tun watan Oktoba nake zubin adashi saboda ankon yara da kuɗin watanda. Ranar jajibere na kwana a madafi ina suyar nama da cin-cin, sai wajen ƙarfe 3 na dare na kwanta. Da safe na isa majami'a ana tsakiyar wa'azi, na zauna a bencin baya, barci ya kwashe ni. Gangar lokacin baiko ce ta tashe ni. Da yamma Hassan ɗina ya ce in ƙara masa bayanin abin da Fasto ya faɗa a kan makiyayan Baitalami, na rasa ta cewa domin ban ji ko kalma ɗaya ba. Bana ba na so a maimaita. Ku da kuka taɓa shiga irin wannan, yaya kuka yi?

Tela daga Tudun Wada, Jos
Mama, ni ma shekara da shekaru ban ga sujadar safiyar Kirsimeti da idona biyu ba. Mutane kan kawo yadi ranar 20 ga wata su ce suna so ranar 24, ni kuma kwaɗayin kuɗi ya hana ni cewa a'a. Shekara uku ke nan da na yanke: daga 10 ga Disamba ba na karɓar ɗinki. Na rasa kwastomomi, ba zan ɓoye ba. Amma kwanakin ƙarshen nan nakan ɗinka wa marayu huɗu ko biyar na unguwarmu da ragowar yaduka, kuma na koma cikin mawaƙa.

Wata 'yar Zumuntar Mata, Mubi
'Yar'uwa, bari in ba ki labarin Kirsimetin 2014. A ƙarshen Oktoban shekarar ne Boko Haram suka shiga Mubi, hedkwatar ikilisiyarmu ta EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, da ke Kwarhi kusa da Mubi ma ba ta tsira ba. Da zanen da ke jikina na fita, goye da yaro, muka bi daji har Allah ya kai mu Yola. A harabar majami'ar Katolika ta St. Theresa aka karɓe mu, ba wanda ya tambaye mu ɗarikarmu.

Ranar Kirsimeti ba ni da ko tukunya. Wata tsohuwa da ban taɓa gani ba ta zo da langa cike da shinkafa da miya, da tsoka biyu a sama. Ba ta ajiye ta tafi ba. Ta shimfiɗa gefen zanenta ta zauna a ƙasa tare da mu, ta karɓi yaron ta ɗora a cinya tana ba shi da hannunta, ta tambaye ni sunan mijina, wanda a lokacin ban san ko yana raye ba, ta yi addu'a tana kiran sunansa. Da aka karanta Bisharar Luka sura 2, wurin da aka ce babu masauki domin Maryamu da Yusufu lokacin haihuwar Yesu, kuka na yi har na kasa tashi. Na sha jin ayar nan tun ina makarantar Lahadi, amma sai ranar ta shige ni.

Tun da muka koma gida, langar farko da na zuba ba ta gidana ba ce. Kuma ba na aiken yaro da ita. Da ƙafata nake kaiwa, in zauna.

Dattijon ikilisiya, Wusasa
'Yata, kada ki ɗauki girkin nan kamar zunubi ne. Ciyar da iyali da baƙi shi ma hidima ce. A gidanmu tun zamanin mahaifina, maƙwabcinmu Musulmi muke kira ya yanka mana rago domin kowa ya ci ba da shakka ba, kuma kafin a tafi sujada yara sun gama rarraba kwanuka gida-gida, yadda su ma suke aiko mana da naman layya. Inda nake ganin gyara shi ne a bar mace ɗaya da aikin mutum biyar. Ina maigidanki yake a daren nan? Mu maza mu ji tsoron Allah. Ni na koyi yankan albasa da kulawa da wuta bayan na haura shekara 50, da na ga matata tana gyangyaɗi a majami'a, na gane laifin nawa ne.

Ma'aikaciyar jinya, Gombe
Sau da dama ranar tana faɗowa a kan aikina. Abin da na lura, masu zuwa gaisuwa da yawa sukan tsaya a bakin ƙofa su yi waƙa ɗaya, su ɗauki hoto, su wuce. Akwai majinyatan da ba mai jinyarsu. In za ku zo, ku zo da sabulu, da man shafawa saboda hunturu, da bargo, ku nemi gadon da babu kowa a gefensa. Ku fara tambayarmu abin da mutum zai iya ci, don ba kowa ake ba maiƙo ba.

Matashi daga Bokkos
Ku gafarce ni, ni har yanzu ranar tana yi mini nauyi. Tun harin jajiberen Kirsimetin 2023 a ƙauyukanmu, da na ji an fara waƙoƙin Disamba sai gabana ya faɗi. Bara ban iya shiga cikin majami'a ba. Na tsaya a ƙofa tare da samarin da ke gadi daga farko har aka tashi, ina jin karatun ta taga. Abin da na iya ke nan. Bayan sujada muka je muka gyara wa wata gwauruwa jinkar ɗakinta. Ku sa mu a addu'a.

Dattijon ikilisiya, Wusasa
Ɗana, tsayuwar da ka yi a ƙofar nan sujada ce. Ubangiji ya ta'azantar da ku. Za mu ambaci Bokkos a addu'ar asuba ta gidanmu duk wannan watan.

Maman Tagwaye, Kafanchan
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, na karanta wa Baban Tagwaye abin da ka rubuta, ya yi shiru, daga baya ya ce suyar nama tasa ce bana, kuma ranar 23 za a yi ta. Anko mun fasa, yara za su sa na bikin ƙanwata. Kuɗin zan raba biyu, rabi bargo. Akwai wata tsohuwa a bayan layinmu da ɗanta ya rasu da damina, tun daga lokacin ban ƙara ganinta a majami'a ba, ni kuma ban taɓa leƙa ta ba. Gobe in Allah ya kai mu zan je, ba sai na jira ranar 25 ba.