Tambaya game da bukukuwan haikalin macizai na Mannarasala

Ɗalibin Tarihi:
Assalamu alaikum. Ina nazarin addinan kudancin Indiya, sai na ci karo da haikalin Mannarasala da ke kusa da garin Haripad a jihar Kerala, inda mabiya addinin Hindu ke bauta wa Nagaraja, wato sarkin macizai. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne an ce mace ce ke jagorantar manyan ibadu a can. Ina roƙon masana su bayyana mini yadda babban bikinsu yake gudana, kuma shin macizai masu rai ake fitowa da su?

Malama Mai Nazari:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Gaskiya ne, ana kiranta Mannarasala Amma, kuma muƙamin yana komawa ne ga babbar mace a cikin dangin da ke riƙe da haikalin. Uma Devi Antharjanam ta riƙe shi tun 1993 har rasuwarta a 2023, sannan Savithri Antharjanam ta gaje ta. Babban bikin shi ne Ayilyam na watan Thulam a kalandar Malayalam ta mutanen Kerala, wanda ke faɗowa tsakanin Oktoba da Nuwamba. A ranar, Amma da kanta take ɗaukar gunkin Nagaraja daga haikalin zuwa gidan dangin, jama'a na biye da ita, inda ake miƙa hadayar da suke kira Nurum Palum, wadda ake haɗawa da garin shinkafa da madara da kurkum. Gumaka ake fitowa da su, ba macizai masu rai ba. Haikalin yana tsakiyar kurmi mai duhu, kuma dubban gumakan macizai na dutse suna jere a gefen hanyoyi da gindin itatuwa.

Al'adar da ta fi taɓa mini zuciya ita ce ta ma'auratan da suka daɗe ba su samu haihuwa ba. Sukan kawo wata faffaɗar tukunyar tagulla da ake kira uruli, a kife ta a haikalin, ta ci gaba da zama a kife har sai an samu ƙaruwa, sannan su dawo da jaririn a buɗe ta. Ko mutum bai yarda da aƙidar ba, ai ya san nauyin jiran da ke ƙarƙashin wannan tukunya.

Mai Kula da Dabbobi:
Malama ta yi bayani mai gamsarwa. Ina jin inda tambayar macizai masu rai ta samo asali shi ne bikin Nag Panchami, wanda ake yi a rana ta 5 ta hasken watan Shravana na kalandar Hindu, wajen Yuli ko Agusta, a sassa da yawa na Indiya. A can ne masu wasa da maciji suka saba kawo gamsheƙa domin mutane su ba ta madara. Wannan yana damuna ƙwarai, domin maciji ba mai shan madara ba ne. Sai an hana shi ruwa kwanaki ƙishirwa ta tilasta masa, kuma sau da yawa an riga an cire masa haƙoran dafi. Dokar kare namun daji ta Indiya ta 1972 ta haramta kama macizan.

Ɗalibin Tarihi:
Na gode muku duka, Allah ya ƙara sani. Yanzu zan koma kan haikalin Kukke Subramanya na jihar Karnataka, domin in ga ko ibadarsu ta Sarpa Samskara, wadda ake yi don neman kaffarar cutar da maciji, tana da alaƙa da abin da ake yi a Kerala.